Babi na Bakwai: Shaidar Hoto a Kan Tsattsewa

Daga cikin dukan tsuntsayen da muka yi magana a kansu a babobin da suka gabata, babu wanda ya kai tsattsewa wahalar da mai neman sanin haƙiƙarsa, domin kuwa sauran tsuntsaye, kome tsoronsu kuma kome zafin namansu, wata rana sai sun sauka a kan reshe ko a bakin tafki sun ba mutum damar ya ƙare musu kallo, alhali ita wannan baiwar Allah ba ta da masauki sai sararin samaniya, a can take kamun ƙwarin da take ci, a guje take kurɓar ruwa daga saman kogi, kuma bisa ga dukan alamu a can sama take barcinta. Ya kamata mai karatu ya sani tun da fari cewa ba waɗanda yake gani jere a kan wayar lantarki nake nufi ba. Waɗancan wata zuriya ce dabam, ko da yake malamin halittu Linnaeus da kansa ya haɗa su gida ɗaya a shekarar 1758 kafin malaman da suka biyo bayansa su raba su. Wadda nake nufi ita ce mai dogayen fukafukai masu lanƙwasa, mai gashin bindi goma, mai gajerun ƙafafun da ba su iya riƙe waya ko reshe, sai dai ta maƙale a jikin bango ko dutse lokacin da take kiwon 'ya'ya.

A shekarar 2016 Anders Hedenström da abokan aikinsa na jami'ar Lund a ƙasar Suwidin suka bayyana sakamakon wani bincike, inda suka ɗaura wa baƙar tsattsewa ta Turai, wadda ma'abota wannan fanni ke kira Apus apus, wata 'yar na'ura mai lissafa motsin fiffike, suka kuwa tarar tana iya shafe wata 10 a sama ba ta taɓa ƙasa ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, duk lokacin da take ratsa sararin Afirka yana cikin waɗannan watanni goma ne. Mutumin Oxford yana iya hawa hasumiyar gidan tarihi na jami'arsu ya leƙa sheƙa, kamar yadda David Lack ya yi shekara da shekaru har ya rubuta littafinsa a kan tsattsewa a 1956. Mu kuwa rabonmu da ita shi ne mu ɗaga kai mu ga baƙin abu ya gilma. Sabili da haka duk wanda ya yi niyyar rarrabe jinsunanta a wannan nahiya ba shi da wata hujja da ta wuce hoto, hoto kuwa mai ba da shaida ne, kuma kowane alƙali ya san ba a yanke hukunci da maganar shaida sai an bincika adalcinsa, an san inda ya tsaya da irin hasken da ya gani da shi.

Akwai waɗanda shari'arsu ba ta da tsawo. Tsattsewar giginya, mai manna sheƙarta da ƙwanta da yawu a jikin ganye, siririya ce mai launin ƙasa-ƙasa, bindinta dogo ne mai tsini idan ta haɗe shi, ba ta rikita kowa. Babbar nan ta duwatsun Alps, wadda masu binciken Suwizalan suka nuna a 2013 cewa tana iya yin kwana 200 a sama lokacin da take Afirka ta Yamma, farin cikinta da baƙar ɗamarar da ke ƙirjinta sun ishe ta shaida.

Masu farin kuturi su ne suke bukatar a ɗan dakata. Ta farkonsu ita ce tsattsewar gari, Apus affinis, wadda kowa ya sani tana gina sheƙa jingim a ƙarƙashin gada da rufin manyan gine-gine: gajera ce mai kauri, bakin bindinta a daidaice yake ba gibi, farin da ke kuturinta kuma faffaɗa ne har yakan zagayo zuwa kwiɓi, ta yadda ko daga gefe aka ɗauke ta sai an hange shi. Ta biyu, Apus caffer, ta fi ta sirantaka, bindinta yana da gibi mai zurfi, farin kuturinta siriri ne mai siffar jinjirin wata wanda ba ya gangarowa kwiɓi, sa'an nan akwai wani siririn farin layi a bakin gashin fiffike na kusa da jiki, wanda hoto mai kyau yake fitarwa. Ita wannan ba ta cika wahalar da kanta da gini ba, sheƙar wasu take gajewa. Ta uku, Apus horus, mai shiga ramukan da wasu tsuntsaye suka haƙa a gaɓar kogi, ta ɗauki faɗin farin kuturi daga ta farko, ta ɗauki gibin bindi daga ta biyu amma bai kai nata zurfi ba. A rubuce abin kamar mai sauƙi ne. Amma a shekarun 1960, da aka tarar da wasu masu farin kuturi suna kiwo a kudancin Sifen, da farko an rubuta su a matsayin tsattsewar gari, sai daga baya aka tabbata caffer ne, aka gyara. Waɗanda suka yi wannan rubutu kuwa masana ne, abin da ya same su yana iya samun kowa, domin bindi mai gibi idan aka baza shi sosai gibin yakan ragu ƙwarai, idan aka haɗe shi kuma ya ɓace ɗungum.

To, mas'alar da ta fi cin lokacin malamai, wadda kuma na keɓe mata mafi yawan wannan babi, ita ce rarrabe baƙar tsattsewa ta Turai da 'yar'uwarta koɗaɗɗiya, watau Apus pallidus. George Ernest Shelley ne ya fara bayyana wannan ta biyu a 1870 daga tsuntsayen da aka samo a Masar. Girmansu kusan ɗaya ne, tsawon jiki santimita 16 zuwa 17, buɗin fukafukai ya haura santimita 40, nauyi kuma wajen giram 40. Baƙar tana kiwo tun daga Bahar Rum har arewacin Turai da Asiya, tana ƙyanƙyasa sau ɗaya, kafin ƙarshen Agusta mafi yawansu sun kama hanya. Waɗanda aka bi sawunsu daga Suwidin sun nufi kwarin Kwango, a hanyar komawa kuma suka yada zango a sararin Laberiya suka yi ƙiba kafin su tsallake Sahara. Koɗaɗɗiyar kuwa 'yar gaɓar Bahar Rum ce da arewacin Afirka da yankin Larabawa, tana riga zuwa, tana yin kiwo sau biyu, ba ta tashi sai Oktoba ko Nuwamba. Waɗanda aka bi daga Italiya sun yi zamansu a Afirka ta Yamma, sun fara da Sahel, suna gangarawa kudu gwargwadon yadda ƙasa take bushewa. Ke nan dukansu biyu baƙinmu ne, kuma idan hadarin bazara ya taso, shinge ya tashi, garken da ya taru a gaban hadarin yana iya haɗa su duka. A Ingila ba a karɓi shaidar ganin koɗaɗɗiya ba sai ta wadda aka gani a watan Mayu na 1978, a Stodmarsh cikin lardin Kent, kuma tun daga wannan lokaci duk tsattsewar da ta bayyana musu a ƙarshen kaka sai an zauna a kan hotunanta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya dubi hoto ya ce wannan ta yi haske, saboda haka koɗaɗɗiya ce. Launi shi kaɗai shi ne mafi raunin shaidu a wannan shari'a, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe dalilin haka da kyau. Idan aka ɗauki tsuntsu a kan farin gajimare ko a cikin hazon hunturu, kyamara takan auna hasken sama ta rage abin da take sha, sai tsuntsun ya fito baƙi ƙirin ko da kuwa koɗaɗɗe ne. Idan kuma ya sauko ƙasa-ƙasa a kan rairayi, ko jar ƙasa, ko rufin kwano da tsakar rana, hasken da ke komowa daga ƙasa yakan wanke cikinsa har baƙar ta zama ruwan ƙasa. Ranar la'asar sakaliya tana shafa wa kowane gashi ja-ja. Tsuntsu guda, cikin sakan guda, idan ya karkata fiffike, yana iya fitowa baƙi a hoto na farko ya fito toka-toka a na biyu. Ga kuma aikin wayoyi da kyamarorin zamani, waɗanda suke kaifafa hoto da kansu ba tare da an umarce su ba, suna zana farin layi a gefen kowane baƙin abu, har su ƙaga wa gashi bakin da ba shi da shi.

Shaidar da ake dogara da ita ita ce bambancin da ke tsakanin wani sashe da wani a jikin tsuntsu guda, a cikin hoto guda, domin hasken da ya faɗa wa goshi shi ne ya faɗa wa gefen ido, ba ya iya yi wa ɗaya ƙarya ya bar ɗaya. A fara da kai. Kowace tsattsewa tana da wani baƙin tabo a gaban ido. A jikin baƙar ba ya fita, domin kan duka duhu ne, amma a jikin koɗaɗɗiya, da yake goshi da kumatu sun yi fari-fari, tabon yakan tsaya shi kaɗai a fili, kuma wannan ita ce alamar da idon gwani yake fara nema. Farin maƙogwaron babbar baƙa ƙarami ne, sau da yawa ma ba ya fita a hoto. Na koɗaɗɗiya babba ne, yana faɗaɗa zuwa gefen wuya, kuma ba shi da iyaka tsayayya, a hankali yake narkewa cikin launin ƙirji. Kanta ma ya fi faɗi, ƙugunta ya fi cika.

Daga nan sai a duba bayanta, idan Allah ya sa ta karkata har an samu hoton sama. Gadon bayan koɗaɗɗiya ya fi kai da kuturi duhu, shi ne abin da masu wannan fanni suke kira sirdi. A fiffike kuma, gashin tashi na can waje biyu ko uku da gaban fiffiken su ne mafi baƙi, sa'an nan launi ya yi ta sassautowa zuwa ciki, har gashin da ke kusa da jiki da manyan marufansu su zama wani fili mai haske. Baƙar ba ta rasa ɗan wannan bambanci gaba ɗaya, musamman idan rana ta ratsa fiffiken, amma nata kaɗan ne, kuma jikinta launi ɗaya ne daga ƙeya har bindi. Daga ƙasa haka abin yake: a koɗaɗɗiya duhun ya taƙaita ga ƙananan marufai na gaban fiffike, na tsakiya da manya sun yi haske, alhali a baƙar duhun ya mamaye har na tsakiya. Sai ciki da kwiɓi, inda kowane gashin koɗaɗɗiya yake da farin baki, kafin farin kuma akwai ɗan duhu, sai cikin ya fito da zane na ɓawo-ɓawo mai kauri. Wannan zane, idan ya tabbata a hotuna da dama daga kusurwa dabam-dabam, hujja ce mai ƙarfi. Idan a hoto ɗaya kawai ya bayyana, to a yi zaton kyamara ce ta saƙa shi.

Bindi yana da nasa bayani, kuma na fi natsuwa da shi fiye da yawancin alamun launi, da sharaɗin a same shi a buɗe daidai. Gashinsa biyar ne a kowane gefe. A baƙar, na can waje ya zarce mai bi masa da rata bayyananniya, shi ya sa gibin yake da zurfi, ƙahonnin biyu kuma suke da tsini. A koɗaɗɗiya na wajen da mai bi masa sun kusa zama kai ɗaya, ratar 'yan milimita ce, sai gibin ya ragu, ƙahonnin su dakushe. Haka bakin fiffikenta ya fi dakushewa, tafinsa ya fi faɗi, amma wannan alama tana sauyawa da kowane bugun fiffike, ba na shawartar kowa ya gina hukunci a kanta ita kaɗai.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan manyan tsuntsaye ne masu cikakken gashi, kuma a nan ne nake ganin littattafan Turai ba su isar da mu ba, ba don gazawar marubutansu ba, sai don su a lokacin kiwo suke ganin tsuntsun, mu kuwa muna ganinsa a lokacin da yake sauya tufafi. A Afirka baƙar tsattsewa take zubar da gashin fiffikenta, ɗaya bayan ɗaya, daga na ciki zuwa na waje, a cikin watanni masu yawa, domin wadda ba ta sauka ba ta da halin zubar da su gaba ɗaya. Tsohon gashi rana ta cinye shi ya koma ruwan ƙasa, sabo kuwa baƙi ne mai sheƙi, sai ka ga fiffike guda da launi biyu, wanda bai sani ba ya ce ga bambancin koɗaɗɗiya nan. Amma a lura da wajen da duhun yake. A koɗaɗɗiya na waje ne baƙi, na ciki ne mai haske. A baƙar da ke tsakiyar sauyi na ciki ne sababbi baƙaƙe, na waje ne tsofaffi koɗaɗɗu, kuma tsakaninsu akwai iyaka a yanke, sau da yawa har da gurbin gashin da ya faɗi ko guntun da yake tsirowa. Wasu ma sukan koma Turai da tsohon gashin waje ɗaya da ba su sauya ba. Haka nan idan gashin bindi na waje yana cikin tsirowa, awon da na ambata a sama ya ɓaci, ba a karɓar shaidarsa.

Sai 'ya'yan shekara. Ɗan baƙar tsattsewa da ya bar sheƙa a Yuli ko Agusta yana da farin goshi, da babban farin maƙogwaro, da fararen bakuna a gashin jikinsa da na fiffike, watau kusan duk abin da aka ce a nema a jikin koɗaɗɗiya. Abin da yake raba su shi ne yanayin farin. Nasa fari ne tas, siriri, a yanke, a kan gashi mai tsananin baƙi, kuma farin fuskarsa ya tattaru a goshi da gaban ido da haɓa, sauran kan duhu ne. Na koɗaɗɗiya kuwa dishi-dishi ne a kan ruwan ƙasa, ba inda fari da duhu suka yi karo da ƙarfi sai a wannan tabo na ido. Ɗan tsuntsun ba ya sauya manyan gashin fiffikensa a shekararsa ta fari, don haka wanda ya wuce ta kanmu a Afrilu ko Mayu mai zuwa fukafukansa sun sha rana wata tara, sun koɗe sosai, fararen bakunan sun goge.

Akwai kuma wata mushkila da ta fi shafar mutanen gabas, kamar mazauna Sudan. Baƙar tsattsewa tana da reshe na Asiya mai suna pekinensis, wanda aka bi sawunsa daga birnin Beijin tun 2014 aka ga yana ratsa tsakiyar Asiya, ya tsallaka Bahar Maliya, ya bi ta kwarin Kwango har Namibiya da Botswana. Wannan reshe ya fi na Turai haske, goshinsa fari-fari ne, maƙogwaronsa babba, gashin fiffikensa na ciki ya fi na waje haske, har manyan masana sukan yi saɓani a kan hotonsa. A irin wannan hali tsarin bindi da zanen ciki da marufan ƙarƙashin fiffike su ne abin komawa, idan kuwa ba su fita ba, babu hukunci.

Game da ɗaukar hoton kansa, nasihata gajera ce. Tsuntsun da ke tafiyar mita 10 a sakan ɗaya, wadda ita ce tafiyarsa ta yau da kullum (an taɓa auna masa kilomita 111 a sa'a), yana gusawa santimita 2 cikin kashi ɗaya bisa 500 na sakan, farin bakin gashin da ake nema kuwa bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Don haka a sa kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 2000 na sakan ko fiye da haka sauri, a ƙara mata haske mataki ɗaya ko biyu idan sama fara ce. Mafi alheri shi ne mutum ya hau tudu ko bene, rana tana bayansa, ya jira tsuntsun ya gilma ta gaban dutse ko duhun itatuwa, domin a nan ne launinsa na gaskiya yake fita, a nan ne kuma ake samun hoton bayansa. A bi tsuntsu guda a yi masa hotuna a jere, kada a share waɗanda ba su yi kyau ba, domin sau da yawa mummunan hoto ne yake riƙe da buɗaɗɗen bindi, kuma a ajiye asalin hoton yadda ya fito kafin a taɓa haskensa. Idan an yi sa'a wata tsattsewar ta shigo cikin hoto guda da ita, wannan ya fi kome amfani, tun da haske ɗaya ne ya same su. Kuka yana taimakawa a wurin kiwo, inda na koɗaɗɗiya ya fi kauri kuma yake faɗowa gaɓa biyu, amma a nan wurinmu galibi shiru suke wucewa.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan abin da za a rubuta bayan an gama dubawa. Idan alamu huɗu ko biyar suka haɗu, kai da sirdi da fiffike da ciki da bindi, a hotuna dabam-dabam, babu wadda ta saɓa wa 'yar'uwarta, an kai ga yaƙini ko kusa da shi, a rubuta suna. Idan biyu suka ce koɗaɗɗiya, ɗaya ta ce baƙa, sauran ba su fita ba, wannan zato ne, kuma wajibi ne a rubuta shi a matsayin zato: tsattsewa, ko apus ko pallidus. Masu aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar A. P. Leventis da ke Amurum kusa da Jos take jagoranta, da takwarorinsu na sauran ƙasashe, da irin waɗannan rubuce-rubuce suke zana inda kowane jinsi yake da watan da yake zuwa, kuma suna guda da aka rubuta bisa kuskure yakan zauna a taswira shekaru, wasu su yi ta dogara da shi. A haɗa hotunan da ranar da aka ɗauka, da sa'a, da wurin, da yanayin sama, ko hazo ne ko hadari ko rana tsaka, da irin ƙasar da tsuntsun yake shawagi a kanta, domin wanda zai sake duba su bayan shekara goma, da ilmin da ya fi namu, waɗannan ne abubuwan da zai fara tambaya.